Kuncin Hagu na Inna

Malanville, 4 ga Agusta

Zuwa ga ƙanena Abdoulrazak, mai shagon hoto a Zongon Kwatano.

"Yaya, ba ni shi. Kafin sadakar arba'in zan maido miki Inna kamar yadda take. Ko gashin gira ɗaya ba zan taɓa ba, kuma da hannuna zan kawo."

Maganarka ce, ranar addu'ar bakwai, kana tsaye bakin ƙofar ɗakin Inna da jaka a kafaɗa, don kwana ɗaya tak ka iya ba mu. Na sa ta gaba da gaisuwa saboda ta girmi gaisuwar, watanta shida ke nan. To, yanzu assalamu alaikum. Ina gajiya, ina aiki? Yaya Nafisat da yara? Mu nan lafiya lau, ruwa yana ta sauka, kogi ya fara cika.

Saƙonka ya iso shekaranjiya, ba a hannunka ba, a hannun Sallau mai kamyon, babbar motar albasa. Ya sauke shi cikin kwali, yana nishi, ya ce ka yi masa kashedi sau uku kada gilashin ya fashe. Ban buɗe ni kaɗai ba. Na aika aka kira Gwaggo Marka, don shekara arba'in suka yi ita da Inna suna sayar da albasa rumfa ɗaya. Tsohuwar nan sai da ta sa mayafinta na fita unguwa, kamar mai zuwa tarbar baƙo. Ta zauna kan tabarma, na yanke igiya, na jingina hoton da bango.

Ta duba, ta matso, ta ja baya. Sai ta ce, "Salamatou, wagga matar wane minista ta?"

Na ce, "Inna ce, Gwaggo."

"Wace Inna? Diza? Diza tawa? Ina askarta? Ina haƙoranta? Wagga ko albasa guda ba ta taɓa yankawa ba!"

Ta yi dariya har da tafi. Daga nan ta ja mayafi ta rufe fuska har ta tashi.

Bari in gaya maka abin da ka aiko, ko ka manta. Ka wanke Inna ta yi fari fat, kamar wadda ta shekara a ɗaki tana shafe-shafe. Ka goge tamojin goshinta, waɗanda rabinsu kai ka jawo mata su. Haƙoranta da goro da fure suka rina tun kafin a haife ni, ka mai da su farare kamar na mai tallan man goge baki. Buhunan albasar da ke bayanta ka kwashe, ka kafa mata lambun furanni da matakalar bene. Inna da ba ta taɓa hawa bene ba sai na likita, ranar da aka kwantar da ita!

Duk wannan da na haɗiye. Amma askarta, Abdoulrazak. Tsagar Arawa, biyu a kowane kunci, daga gefen baki zuwa kunne, wadda ta tsallako kogi da ita daga Dogondutsi tana amarya. Ita ce take nunawa a duwan, shingen kan iyaka, in an tsare ta da tambaya, ta ce, "Takardata ga ta nan, ku karanta." Ka shafe ta sumul, kamar an shafe bango da siminti. Na taɓa ganin tsofaffin katunan zamanin Nasara, akwai layi guda da ake rubuta alamun jikin mutum, kuma sukan rubuta tsaga nawa, a wane kunci. Nasara bai ƙaunace mu ba, amma ya duba. Kai ka sha nononta, ba ka duba ba.

Ka san hoton nan ƙarami da na ba ka shi kaɗai ya rage. Ambaliyar bara ta tafi da akwatinta, da katinta, da komi. Shi kaɗai na tsamo cikin ledarsa. Ruwa ya ci gefensa, amma fuskar tana nan, tana dariya. Ka maido mini shi. Matar minista kuwa na juya ta tana kallon bango, sai ka faɗi inda za a kai ta.

Ban kira ka a waya ba, don na lura rezon layin yakan yanke maka daidai inda magana ta yi nauyi. Takarda ba ta yankewa.

Ka gaida Nafisat, ka shafa mini kan yara. Allah ya jiƙan Inna, ya sa ta huta.

Yayarka,
Salamatou


Kwatano, 14 ga Agusta

Zuwa ga babbar yayata, Madam Salamatou.

Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi da biyayya, ina fata kina lafiya, ke da mutanen gida da Gwaggo Marka. Nafisat tana gaishe ki, yara suna tambayar yaushe za ki aiko musu da kilishin Gaya.

Yaya, takardarki ta same ni, na karanta ta sau biyu, na karɓi laifina. Amma ki bar ni in yi bayani kaɗan, ba don in wanke kaina ba.

A sana'armu haka ake yi. Shekara goma sha biyar ina zaune gaban kwamfuta, ban taɓa ganin wanda ya kawo hoton mamaci ya ce a bar masa tamoji ba. Kowa cewa yake, "Gyara mini ita, ka sa ta yi kyau, ta sha wahala a duniya, ko a hoto ta huta." Sai mu buɗe hoton, mu ƙara masa girma har fata ta koma ƙananan gidaje kamar zanen tabarma, mu bi ta a hankali. Mu ɗebo fata mai kyau daga nan mu rufe tabo a can. Mu ƙara haske, mu share ido, mu sauya bango. Masu aska kuwa, yawancinsu tun kafin su zauna suke cewa a cire. Mai neman aiki, amarya, ɗalibi. Hannuna ya saba, Yaya. Kafin in yi tunani ya riga ya goge. Lambun kuma na sa shi ne don ina yi mata fatan aljanna, ba don ina jin kunyar albasa ba. Da kuɗin albasar nan aka kai ni koyon aiki Paraku, ban manta ba.

Zan sake shi daga farko. Zan maido launinta, da haƙoranta, da buhunanta, da askarta. Mako biyu ya isa, Sallau zai kawo. Ƙaramin hoton yana wuri mai kyau, ki kwantar da hankalinki. Zan riƙe shi tukuna har in gama.

Zuwa kuwa, ina so, Allah ya sani. Lokacin bukukuwa ne, aiki ya yi mini yawa, ba wanda zan bar wa shago. Rannan Nafisat ta yi kwaɗon zogale, na ci loma biyu na ajiye. Ba laifinta ba ne, ta iya. Ba irin na Inna ba ne kawai.

Ki ba Gwaggo haƙuri a madadina. Ki huta lafiya.

Ƙanenki mai biyayya,
Abdoulrazak


Malanville, 2 ga Satumba

Abdoulrazak,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Kogi ya taɓa gonakin shinkafa na wajen Garou, amma bana bai shigo gari ba, mun gode Allah. Kilishin yara yana hannun Sallau.

Na biyun ya iso. Zan fara da gaskiya, don ban saba tauye wa ɗalibi makinsa ba: da na cire shi daga kwali, nan take na gane ta. Launinta ne. Dariyarta ce, da jan haƙoranta. Har buhun nan mai faci da take zama a kai ka maido. Na ce, to, ga Inna ta dawo gida.

Na zauna ina kallo, sai wani abu ya riƙa damuna, kamar in ka shiga aji ka ji shiru ya yi yawa. Shekara ashirin da shida ina koya wa yara su ninka takarda biyu, su yanka, su buɗe, su ga dama ta yi daidai da hagu. Na ɗauko madubi na kafa a tsakiyar hancinta. Ai kuwa. Kuncin dama ka kwafe, ka juya shi, ka manna a hagu. Ba fuskar mutum ka aiko mini ba, rabin fuska ce sau biyu.

Ka san mi ya tona maka asiri? Kunne. Kunnen Inna na dama a yage yake, don wani jariri ya fizge mata ɗan kunne tana goye da shi tana auna albasa. Jaririn nan kai ne. Yanzu Inna tana da yagaggen kunne biyu. Na farko kai ka yaga, na biyun ma kai.

Gwaggo Marka ta zo, wannan karon ba ta sa mayafin fita ba. Ta daɗe tana kallo, ta ce, "Ya yi ƙoƙari, ɗan banza." Sai ta miƙa yatsa ta taɓa gilashin wajen kuncin hagu, ta ce, "Amma ina billen? Wa ya ɗauke mata bille? In babu shi, da mi za ta tsaya?"

Ko ka gane abin da take nufi? Ina shakka, don kai ba a yi maka aska ba. Lokacin da aka haife ka Baba ya ce zamani ya wuce, ɗan lakwal, mai zuwa boko, ba ya bukata. To, saurara. Kafin a haifi Inna, kakarmu ta binne 'ya'ya uku, ba wanda ya kai yaye. Da Inna ta zo, bayan wanzami ya gama tsagar dangi, sai kaka ta ce ya ƙara guda a hagu, ita kaɗai, don wannan ɗiya ta zauna. Ta kuwa zauna, shekara saba'in da ɗaya. Ni ma biyu suka riga ni zuwa suka koma, shi ya sa Inna ta kai ni gidan wanzaman nan, ta nuna kuncinta, ta ce, "Irin wanga, nan daidai." Na yi karatu, na san ba aska ke tsai da rai ba. Amma na san abin da mace take ji sa'ad da ta miƙa jaririyarta ga reza don tsoron kabari na uku. Wannan tsoron da wannan ƙaunar su ne ka bari a waje.

Ba zan gaya maka tsawonsa ba, ko inda ya fara, ko inda ya karkata. Yana nan a ƙaramin hoton, ɓaro-ɓaro, ruwa bai kai gare shi ba. Da idona na gani kafin in ba ka. Abin da ya hana ni sukuni ke nan. Mai hoto a gabansa ba ya bukatar madubi. Don mi ka kwafe dama, alhali hagu tana hannunka?

Karo na biyu ke nan ina tambayar hoton nan, na farko ka ce yana "wuri mai kyau". Inna ma an ce mana tana wuri mai kyau, kuma ba mu sake ganinta ba. Ina hoton uwata, Abdoulrazak?

Ka gaida gida.

Salamatou


Kwatano, 15 ga Satumba

Yaya,

Ina gaishe ki. Na fara takardar nan sau huɗu ina yagawa. Wannan ba zan sake karanta ta ba, zan ba Sallau yadda take.

Hoton ya lalace, kuma ni na lalata shi.

Washegarin da na dawo daga addu'ar bakwai, da hantsi, na zauna zan sa shi a na'urar da ke ɗaukar hoton takarda ta kai cikin kwamfuta. Ledar ta yi duhu, tana hana fuskar fitowa sosai. Na san doka, ni nake koya wa wasu: hoton da ya sha ruwa, a fara ɗaukarsa yadda yake kafin a taɓa shi. Amma na ce bari in cire ledar ya fi fitowa, Inna ce, ba zan yi mata aikin rabi ba. Na kama gefe na ja a hankali. Dama ta fito lafiya. Da na kai hanci sai na ji wani ɗan ƙara kamar an ɓare albasa. Kuncin hagu ya biyo ledar, daga ƙasan ido har kunne. Launin ya narke ya zama kamar laka. A takardar ba abin da ya rage sai fari.

Na rufe shago ranar. Na ce ba komi, ai uwata ce, zan zana daga kaina. Na rufe ido. Yaya, muryarta ta zo. Ƙanshin zanenta ya zo, albasa da hayaƙi da sabulun salo. Bayanta ya zo, da yadda take waiwayowa in na yi kuka. Kuncin bai zo ba. Na san akwai wani abu a wurin, amma ban san ko daga gefen hanci ya taso ba ko daga ƙarƙashin ido, ko gajere ne, ko ya gangara ya taɓa tsagar sama. Ina da shekara goma sha huɗu na bar gida. Tun daga nan kwana ɗaya, kwana biyu, ina sauri, ina duba agogo. Na goge askar mutane ta fi dubu a shagon nan. Ban sani ba ashe ta Inna ma tana gogewa a kaina.

Shi ya sa na aiko na farko sumul. Ba sabon hannu ba ne kaɗai, kamar yadda na rubuta miki. Na goge dama ne don kada a ga babu hagu. Shi ya sa kuma ban zo arba'in ba. Ba aiki ba ne.

Da takardarki ta zo, kika ce naki irin nata ne, wuri ɗaya, sai na yi tsalle. Ina da hotonki! Wanda na ɗauke ki shekarar da aka ba ki shugabancin lakwal, kina sanye da shuɗin leshi. Na tona tsofaffin ajiyata har na same shi. Na buɗe. Yaya, kuncinki sumul. Na gyara ki a lokacin, na ajiye gyararren a kan na asalin, na asalin ya tafi. Na aiko miki da shi cikin gilashi, ba ki ce komi ba, na ɗauka kin ji daɗi.

Daga ranar na zana billen nan ya fi sau arba'in. Kowanne in na ja baya na duba sai in ga ƙarya ce.

Abu ɗaya nake roƙo. Ki sa wani ya ɗauke ki da waya, gefen hagu, da safe, a inuwa, kada a kunna fitilar wayar. Ki turo mini. Daga fuskarki zan ɗauko in mayar mata. Kwana biyu ya isa. Ledar tana nan, na sa ta cikin ambulan, ban iya jefarwa ba.

Ki yafe mini in kin iya. In ba ki iya ba, ba zan ga laifinki ba.

Razak


Malanville, 22 ga Satumba

Razak, auta,

Wa alaikumus salam, ko da ba ka yi sallama ba. Na karanta. Na fita bayan ɗaki na zage ka da Hausa da Dendi da Faransanci, na dawo na sake karantawa. Wannan ce takarda ta farko da ka rubuto mini ba ka gyara ta ba, kuma ta fi sauran kama da kai.

Tunda ka faɗi taka, ga tawa. Hoton shuɗin leshi, na ji daɗinsa. Yarinyar da aka yi wa waƙar "mage ta yakushe ki" a filin lakwal ta ji daɗinsa ƙwarai. Na rataye shi a ofis. Rannan Inna ta kawo mini fura, ta tsaya gabansa, ta ce, "Kyakkyawa. Ɗiyar wa ce?" Ta ajiye kwanon ta fita. Ba ta sake shiga ofishin nan ba har ta rasu. Ka ga ba kai kaɗai ka ja leda ba.

Amma hoto ba zan turo ba. Fuskata ta taɓa zuwa Kwatano ba tare da ni ba, na ga yadda ta dawo. In kana son billen Inna, yana nan inda ta sa aka ajiye shi, shekara arba'in da tara ke nan. Ka zo ka dube shi da idonka, ka sa yatsa ka bi shi, ka ji inda ya fara. Gwaggo Marka ta ce za ta zauna kusa da kai, in ka karkace ta buge maka hannu. Ta tsufa, Razak. Ita da ni muka rage da muka san kuncin nan.

Na ba ka zuwa jajibirin Sallar Layya. Ka taho da kwamfutarka, da ambulan ɗin, kada ka bari ya lanƙwashe, rabin fuskar uwarmu ce. Ka taho da kayan mako guda, ba jakar kwana ɗaya ba. Na share ɗakinta. Da hantsi haske yana faɗowa bakin ƙofar, daidai inda take zama, irin wanda ka ce kana so.

In rana ta faɗi ran jajibiri ban gan ka ba, na riga na gaya wa Sallau ya bar mini gaban mota washegarin Salla. Zan sauka ƙofar shagonka, in zauna kan kujerar da kake ɗaukar mutane, in juya maka hagu. Amare da masu neman aiki su yi layi su jira. Ba zan ce maka uffan ba, kuma ba zan tashi ba sai ka gama kallo.

Ka gaida Nafisat da yara. Allah ya kawo ka lafiya.

Yayarka,
Salamatou